Laushi Ko Ɓarza? Tambayar Bina Moono Mai Injin Niƙa

Kafin rana ta gama fitowa, Bina Moono ta riga ta iso rumfar injin. Takan ɗaura tsohon zani a kan rigar aiki, ta ɗaure kai tamau, ta duba mai, ta danna bel da tafin hannu ta ji ko ya saki. Sai ta kama ƙarfen tayarwa ta murɗa da ƙarfinta duka. Injin yakan yi tari kamar tsohon da ya daɗe yana shan taba, sannan ya kama. Daga nan har la'asar, duk wanda ke garinmu Simwaba ya yi sallama da shiru. Mata na fitowa daga ƙauyukan kewaye da buhunan masara, wasu a ka, wasu a bayan keke, su jera a bakin rumfa, kowa ta zauna a kan nata. Kafin hantsi Bina Moono ta yi fari fat da gari, har gira da gashin ido.

Shekara ashirin da ɗoriya tana wannan aiki wa ƙungiyar matan garinmu, kuma a ƙarshen watan nan za ta ajiye. Na ce ba za ta tafi haka nan shiru ba, sai na rubuta. Ba don niƙan ba, niƙa kowa zai iya koya. Don wata tambaya ce da take yi wa kowace mace in layinta ya zo. Akwai wata jar saniya mai karyayyen ƙaho a garken gidan su Hamusonde, sunanta Maluba, wadda da tuni an yi igiya da fatarta ba don wannan tambaya ba. Zan zo kan saniyar, amma sai na fara da tambayar.

Idan mace ta jawo buhunta gaban injin, Bina Moono za ta dube ta ta ce, “Laushi ko ɓarza?” Shi ke nan. Laushi na tuwo ne, ɓarza kuwa ita ake dama chibwantu da ita, abin shan da ba a raba gidan ƙabilarmu ta Batonga da shi, kuma kowanne da rariyar da ake sa wa injin. Tambaya ce da yarinya ƙarama za ta iya amsawa. To amma mu an raine mu da gaisuwa a durƙushe, da tafa hannu, da ido a ƙasa, da murya ƙasa-ƙasa. Ban raina wannan tarbiyya ba, ni ma da ita na girma. Sai dai wani abu ya maƙale a jikinta da ba nata ba ne: mace ta san sarai abin da take so, amma in an tambaye ta sai ta murmusa ta ce, “Duk yadda kika ga dama, Inna.”

Mazan da suka riƙe injin kafin ita suna son wannan amsa ƙwarai. Rariyar da ke ciki da ita za su niƙa, mace ta koma gida da ɓarza alhali tuwo za ta tuƙa, tuwon ya ƙi kamawa, a yi mata faɗa, ta haɗiye. Bina Moono kuwa, da ta ji wannan amsa, sai ta sa ƙafa ta ture buhun gefe.

“Ba ni da rariya mai suna duk-yadda-kika-ga-dama,” in ji ta. “Idan kin tuna abin da ya kawo ki, ki kira ni. Ta gaba!”

Ga shi ba ta rage ƙarar injin don kowa. Ki faɗa a hankali, za ta kai hannu bayan kunne ta ce, “Ban ji ba!” Ki ƙara, ta sake cewa, “Ban ji ba! Da ƙudan nan kike magana ko da ni?” Sai kin buɗe ƙirji kin ƙwala “LAUSHI!” har na ƙarshen layi sun ji, sannan za ta yi dariya ta ɗauki buhun. Mata da yawa a nan suka fara jin ainihin muryarsu. Na ga wadda ta ƙwala amsar, ta tsorata da kanta, ta rufe baki da gefen zani tana waige-waige kamar ta fasa tukunyar surukarta.

Ni dai ba da ƙauna muka fara ba. Ajin da nake koyarwa yana tsallaken hanya, daidai saitin rumfarta, kuma shekarata ta farko a makarantar na ƙare ta da dusasshiyar murya. Wata rana haƙurina ya ƙare, na ajiye alli na tsallaka. Na tsaya a gabanta na ce ita da injinta sun hana yara jin karatu, kuma ba zan lamunta ba. Ta bari na gama tas, tana kallona da farar girarta.

“Malama,” ta ce, “ke ce mace ta farko da ta shigo rumfar nan ta faɗi abin da take so ba a tambaye ta ba. Zauna ki sha chibwantu, maƙogwaronki ya bushe.”

Na zauna na sha. Muka yi ciniki: ranakun jarrabawa ba za ta tayar ba sai yara sun tashi, sauran ranaku kuwa in rufe taga in yi haƙuri. Ban samu duk abin da na nema ba, amma na samu fiye da wanda ya zauna a aji yana ƙunƙuni. Da rashin tayi akan bar arha. Tun daga ranar nake tsallakawa in an tashi daga makaranta, wai don in taya ta hira, alhali kallon layi ne ke kai ni.

A nan na ga ɗabi'arta ta biyu, wadda ta fi ba ni haushi da farko. Bina Moono ba ta yi wa kowa faɗansa. Wani mutum zai zo a keke, ya wuce mata goma sha, ya dire buhunsa a gaba yana cewa sauri yake yi. Ina jira in ga ta kore shi. Ina! Sai ta naɗe hannu ta dubi matar da aka tsallake ta ce, “Layin wa ne?” Matar ta sunkuyar da kai. Injin na ta cin mai a banza, layi na ta tsawo, ita ko a jikinta. “Na ce layin wa ne?” Har sai matar ta ce, “Nawa ne.” Sannan ta juya wajen mai keken ta ce, “To ka ji mai layi. Idan sauri kake yi, ita za ka roƙa, ba ni ba.” Wasu matan sukan ba shi, wasu su hana. Ita duk ɗaya ne a wurinta, muddin daga bakin mai layin ya fito.

Na taɓa ce mata, “Haba Bina Moono, kalma ɗaya daga bakinki ta isa ta gyara wannan.” Ta ce, “Ta isa mana. Gobe kuma a asibiti, ko a motar zuwa garin Choma, ni zan bi ta?”

To, a cikin matan layin akwai Beenzu. An auro ta daga wajen kwari zuwa gidan su Hamusonde, tana auren ƙaninsa Cheelo. Ban taɓa ganin mace mai sanyi irinta ba. In ka taka ta, ita za ta ba ka haƙuri. A gidan, duk aikin da kowa ya ƙi, nata ne, kuma kowa na yabon ta da cewa ba ta da matsala. Zuwanta na farko injin, buhunta ya yini a gefe. Rana ta karkata, layi ya ƙare, sai ita kaɗai tana murza bakin zani, hawaye na gangarowa. Bina Moono ta zauna a kan buhun kusa da ita ta ce, “Ke, matar Cheelo, ban ƙi ki ba. Amma ke za ki tuƙa, ke kika san abin da ke tukunyarki. Mene ne?” Da ƙyar aka ji “laushi.” Aka niƙa mata. Da tafiya ta yi tafiya ta iya amsa tambayar da ƙarfi kamar kowa, amma da ta bar rumfar sai muryar ta koma inda ta fito.

Abu ɗaya Beenzu ta mallaka a duniya, shi ne Maluba. Mahaifiyarta ce ta bar mata ita tana maraƙa, kuma kowa ya san a wajenmu abin da ya zo wa mace daga ɗakin uwarta, nata ne da danginta, ko da a garken miji yake kwana. Da nonon saniyar nan ta yaye 'ya'yanta. Ita ce kuma kaɗai abin da ya rage mata na uwarta, don haka in ta je tatsa takan daɗe tana yi mata magana.

Sai surukinta, tsohon gidan, ya rasu. Lokacin hutun makaranta ne, kuma ina zaune a rumfar da safe sa'ad da Beenzu ta iso da amalanken shanu cike da masarar makoki, don matan 'ya'ya su ne masu niƙa da girki in an yi rashi. Idanunta sun kumbura. Muka ɗauka kukan mutuwa ne. Bina Moono ta yi tambayarta, Beenzu ta motsa baki, ba abin da ya fito.

“Ban ji ba!”

“Za su yanka Maluba!”

Layi duka ya juyo. Ashe maza sun zauna sun ce sai an kayar da sa don ciyar da masu zaman makoki, kamar yadda aka saba in babba ya tafi. Hamusonde, babban ɗa, yana da shanun huɗa masu ƙiba, 'yan'uwansa ma kowa da nasa. Amma da aka zagaya garke, sai yatsa ya tsaya a kan jar saniyar. Ba don ta fi nama ba. Don a cikin masu shanun garken, mai ita ce kaɗai aka tabbata ba za ta ce uffan ba. Cheelo yana wurin aka yi. Mutumin kirki ne, amma a gaban yayansa ba ya iya haɗa ido, balle ranar da suka rasa uba. An ce da rana ta take tsaka za a kayar da ita.

Beenzu ta durƙusa a cikin garin da ya zube ta kama ƙafar Bina Moono. “Inna, ki taimake ni. Ke suna jin tsoronki. Ki je ki yi musu magana.”

Ni kam zuciyata ta riga ta tafi, har na fara gyara ɗaurin zani. Bina Moono ta ɗaga mini hannu.

“Saniyata ce?” ta tambayi Beenzu.

“A'a, Inna.”

“Ta Malama ce?”

“A'a.”

“To ta wa ce?”

“Tawa ce.”

“Ban ji ba!”

“TAWA CE! Uwata ce ta bar mini!”

“Madalla. To tashi. Wannan muryar da kika yi yanzu, kada ki ajiye ta a nan kamar yadda kika saba. Ɗauke ta ki tafi da ita.”

Sai ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi ba in ba ranar jarrabawa ba: ta kashe injin ana tsakar aiki, ga layi cike. Shirun da ya sauka har kunne ya yi mini zafi. Ba ta ko wanke fuska ba, ta sa Beenzu a gaba, mu kuma muka bi baya, mata wajen rabin layin. A hanya ta faɗa mana sau ɗaya, “Duk wadda ta buɗe baki a can, ta nemi wani injin.” Ni ta kalla da ta faɗi haka, kuma na san dalili.

Mun tarar an riga an fito da Maluba daga garke, an ɗaure ta a gindin bishiya, wani na wasa wuƙa. Dattawa na zaune a kan kujeru a inuwa. Muka zauna a ƙasa can nesa, wajen mata. Bina Moono ta miƙe ƙafa ta naɗe hannu, kamar yadda take yi in an tsallake layi. Beenzu ta tafi ita kaɗai. Ta durƙusa a inda ya dace mace ta durƙusa, ta tafa hannu yadda aka koya mana, ba ta rage komai na ladabi ba. Sannan ta buɗe baki da muryar injin.

“Iyayena, ku gafarce ni. Saniyar nan tawa ce. Uwata ce ta bar mini. Ban ba da ita ba.”

Mai wasa wuƙa ya tsaya. Kawunan maza suka juyo gaba ɗaya. Hamusonde ya miƙe, fuska a murtuke.

“Mulamu,” ya ce, haka mace da ɗan'uwan mijinta ke kiran juna, “a gidan makoki kike ɗaga murya? Tsohon nan bai isa ki ba shi saniya ba?”

“Ya isa, mulamu. Ya riƙe ni kamar 'yarsa. Ina da akuya, na ba da ita don shi da zuciya ɗaya, kuma ni zan dafa. Amma Maluba ba a tambaye ni ba. Da an tambaye ni, da na ce a'a. Yanzu ma a'a nake cewa.”

Sai ƙanen marigayin, wani tsoho da ba ya son dogon zance, ya gyara zama ya ce, “Hamusonde, ka tambaye ta?” Hamusonde ya ce ai bai ga alamar za ta damu ba. Tsohon ya ce, “Ba alama na tambaye ka ba. Saniyar dangin wasu za ka yanka wa ubanka, gobe su zo su cika mana gida? Kwance ta. Uban wa ya mutu? Shiga garke ka fito da naka.” A nan ne Cheelo, wanda tun da muka zo yake kallon ƙasa, ya tashi ya je ya kwance igiyar da hannunsa.

Ba zan ce komai ya tafi lami lafiya ba. Hamusonde bai amsa gaisuwar Beenzu ba har aka yi girbi. Wasu mata a bakin rijiyar burtsatse suka ce injin ya lalata yarinya mai hankali. Wannan magana ta ƙona mini rai, don yawancin masu faɗin ta sun taɓa rasa wani abu nasu ta irin wannan hanya, suka yi shiru. Amma an ci naman san Hamusonde, an ci akuyar Beenzu, an binne tsoho da mutunci, kuma Maluba ta haihu da damina.

A hanyar komawa rannan na riƙe hannun Bina Moono, ina ta zuba. “Kin ji ta? Kin ji yadda ta ce ‘yanzu ma a'a nake cewa’?” Ba ta amsa ba. Na sake faɗa. Ta juyo ta dubi bakina.

“Me ta ce?”

Na yi dariya, na ɗauka tsokanarta ce ta kullum. Ba ta yi dariya ba.

“Malama, ban ji ko kalma ɗaya ba. Na dai ga kawunan maza sun juyo, sai na san muryarta ta kai.”

Duk garin nan mun ɗauka “ban ji ba” dabara ce. Ta ce mini da farko dabarar ce kuwa. Amma shekaru na tsayuwa a jikin injin sun yi ta cin kunnen a hankali, har dabarar ta zama gaskiya, ita kuma ba ta ga dalilin sanar da kowa ba. Na yi kuka a kan hanyar nan, ita kuwa ta ce in share ido, masarar makoki na jiran ta.

Wannan ne ya sa za ta ajiye. Da ƙungiya ta zauna neman wadda za ta gaje ta, tsofaffi suka tuna ranar da mai injin na ƙarshe ya gudu, aka yi ta kallon-kallo, ba wadda ta iya cewa “ni” sai Bina Moono. Wannan karon kuwa mata suka miƙe ta ko'ina, kowa na faɗin dalilinta, har shugaba ta rasa wadda za ta saurara. Bina Moono na gefe tana kallon bakuna na motsi, tana ta murmushi. An zaɓi wata ƙaƙƙarfar mace mai suna Maimbo, kuma abu na farko da ta nema, a gaban kowa, shi ne a saya mata abin toshe kunne. An saya.

Bina Moono, ke ce mai farar gira, uwar layi. Ke ce wadda ba ta taɓa ara wa mace baki ba, sai dai ta jira ta har ta nemo nata. Ba ki hau mumbari ba, ba ki tara mu kin yi mana lacca ba. Tambaya ɗaya kika riƙe, kika ƙi amsa ta a madadin kowa, ko da ranar da tausayi ya ce ki amsa. Yau a asibiti matan Simwaba na faɗa wa ma'aikaciya inda ke musu ciwo ba tare da an yi ta lallashi ba. A taron iyaye, ni da kaina nake roƙon su su yi magana ɗaya bayan ɗaya. Har yanzu muna durƙusawa, muna tafa hannu, ba abin da ya ragu. An dai daina yanke mana abu a kan cewa ba za mu damu ba.

Ku kuma masu karatu, kowa na da rumfarsa. Mai shago, mai ɗinki, malamin aji, uwa a ɗakin girki: in 'yarki ta ce “duk yadda kika ga dama,” kada ki yi murna da sauƙin kanta. Ki sake tambaya, ki jira, ko da tuwo zai makara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wadda ba ta saba cewa “laushi” ba, ba za ta iya cewa “tawa ce” ranar da aka wasa wuƙa ba.

Yanzu kusan kullum da yamma Beenzu kan biyo ta gaban makaranta da ƙwaryar kindirmon Maluba, ta nufi gidan Bina Moono. Tun daga bakin shinge take ƙwala sallama, ina ji daga cikin aji ko da taga a rufe. Wannan rubutun ma ita ta ce za ta karanta wa Bina Moono shi ranar bikin sallamarta, ba wanda ya roƙe ta.

Mun gode, Bina Moono. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya saka miki da alheri. In kin kai hannu bayan kunne kin ce ba ki ji ba, kada ki damu. Za mu maimaita da ƙarfi, ai ke kika koya mana.